Hatimin da Ya Kusa Kai Yayana Teku

Shekarata huɗu a Sabha lokacin da yayana ya sauka. Ina aiki a wani shagon fotokofi kusa da jami'a, na wani Balarabe da ba ya leƙowa sai da yamma, ni ke buɗewa ni ke rufewa. Da aka ce mini Yaya ya taso daga Agadas na ɗauka aiki ya zo nema kamar kowa, har na yi masa magana da wani mai gini a unguwar Gurda. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Shekara tara ya yi yana koyar da fizik a wata lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, malamin kwantaragi, kuma duk wanda ya san kwantaragi ya san abin da ke sa mutum ya ajiye alli ya hau mota.

Kwana uku ya yi yana hutawa a ɗakinmu na unguwar Tayuri, inda muke mu bakwai. A rana ta huɗu, wata Alhamis bayan la'asar, ya kira ni bayan katanga ya zaro leda daga cikin rigarsa. Leda cikin leda cikin leda. A ta ƙarshe akwai littafin rubutu mai jan bango, irin na 'yan makaranta, da takarda guda ɗaya da aka lulluɓe da roba don kada gumi ya taɓa ta.

Littafin ba baƙona ba ne. Tun ina gida Yaya yake cika shi da lissafi, yana gogewa yana sakewa. Maganarsa ita ce wannan ƙarfin da ke jan komai zuwa ƙasa, wanda ke sa dutse ya faɗo in ka sake shi, ba ja ba ne. Wai wani irin ruwa ne da ido ba ya gani, yana kwararowa daga sama ta kowane gefe yana shigewa cikin ƙasa, shi ke tafiya da dutsen kamar yadda ruwan kwata ke tafiya da kara. A gida in ya fara wannan bayani sai tsohuwarmu ta ce to Allah ya sa albarka, ta ci gaba da tsince wakenta. Ni kuwa nakan saurara, don shi ya koya mini karatu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai shi kaifin ƙwaƙwalwa ba. Har yau ma ban ce na gani ba.

Takardar ce sabuwa a wurina. Da Ingilishi aka rubuta ta. A sama akwai hoton duniya da zobe kewaye da ita, a ƙasa sa hannu biyu, a gefe kuma hatimi mai ruwan zinariya da faɗinsa ya kai bakin kofin shayi. Ya fassara mini ita a tsaye, muryarsa na rawa. Daga wata mujallar kimiyya ta ƙasashen waje take, wadda ya aika wa aikinsa ta intanet. Sun ce malamansu sun duba sun karɓa, aiki ne da zai buɗe sabuwar ƙofa, kuma suna gayyatarsa wani babban taro a Turai ya yi bayani da bakinsa. Ya nemi biza a Yamai an hana shi. Shi ya sa ya zo. Ya riga ya gama magana da mai haɗa tafiya, motar arewa za ta tashi Asabar ta sama, daga nan Tarabulus, daga can teku.

A cikin shekara huɗun nan mutane da yawa sun kwana a ɗakinmu sun bi wannan hanya. Wasu sun aiko da hoto cikin rigar sanyi, wasu kuma har yau iyayensu na kirana suna tambaya ko na ji wani labari. Ga kuma Yaya, mutumin da ko tafkin bayan gari bai taɓa shiga ba, wai shi zai hau jirgin roba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hatimin. Mu baƙi a Sabha mun ɗauki hatimi da girma, kuma da dalili. In aka tsayar da kai a bawwaba, wato shingen bincike, mai bindiga ba ya karanta takardarka, hatimi yake nema. In ya gan shi ka wuce, in bai gani ba ka hau bayan mota. Saboda haka takarda mai hatimi ta zame mana kamar laya. Amma ni a shagon fotokofi nake wuni, kuma shago biyu daga namu akwai wani mai sassaƙa hatimi, ka kawo masa kowane zane ka koma bayan awa guda ka karɓa. Na lallaɓa na gaya wa Yaya haka. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba, ya ce hatimin kasuwa daban, na malamai daban.

A gidanmu ƙane ba ya ce wa wa ka yi kuskure. Sai dai ka kewaya, ka ce ko a sake dubawa, ko a ɗan jira. Na kewaya har na gaji, na kawo maganar tsohuwa, na kawo maganar matarsa da 'ya'yansa uku. Ya bar ni na gama tas, sannan ya mayar da ledojinsa cikin riga.

"Ka kawo mini rubutun malaman gaske da ya nuna aikina ba shi da tushe," in ji shi. "In ka kawo, wallahi gida zan koma. In ba ka kawo ba, kada ka ƙara yi mini maganar teku."

Na san Yaya, in ya rantse ya rantse. Na ƙirga a yatsu, kwana tara ke gabana. Washegari kuma saƙon murya ya shigo daga tsohuwa ta wayar maƙwabta. Ba ta yi dogon zance ba, ta ce ta ji inda ya nufa, ta hana bai hanu ba, yanzu amanarsa tana hannuna. Ni da aka saba ba da amanata gare shi.

Na hau na'urar shago da bincike. Na rubuta da Faransanci, na rubuta da Larabcin da na tsinta, na sa na'ura ta mayar mini Ingilishi na sake rubutawa. Na ɗauka ba zan samu komai ba, ashe yawa ne zai kashe ni. Ga wani a bidiyo da bokiti a garejin gidansa yana cewa duk malaman duniya maƙaryata ne. Ga takardu masu launi iri-iri, kowace na cewa ita ce ta fara gano ƙarfin jan ƙasa ruwa ne. Na faɗa wani dandali inda wani bawan Allah ya yi tambayata sak, yana neman a nuna masa rubutun da za a iya dogara da shi, na yi murna, na gangara ƙasa sai na tarar mutane ne ke zagin juna har shafi shida. A tsakani kuma ɗalibai na tsaye a kaina da takardun darasi, wuta na tafiya tana dawowa, kowace tafiya sai na'urar ta manta inda na tsaya.

Abin da na ga kamar zai yi amfani na buga na kai ɗaki. Nan na gane wuta nake ƙara wa itace. Duk takardar da ta yi kama da maganarsa sai Yaya ya ce ka gani, iska ta fara kaɗawa, dole in isa kafin wani ya riga ni. Duk wadda ta saɓa masa sai ya juya bayanta ya ce wa ya rubuta, wa ya tabbatar, ina hatimi? Ni kuma gaskiya ban san yadda ake bambance ta kirki da ta banza ba. Karatuna a aji uku na kwaleji ya tsaya. Kwana uku suka tafi a haka, ga mai haɗa tafiya yana kiran wayarsa safe da yamma.

Akwai wata malamar fizik ta jami'a da ke kawo mana takardun darasi duk ranar Lahadi. Duktura kowa ke ce mata. 'Yar yankin nan na Fezzan ce, baƙa kamar mu, ta taɓa gaya mini kakarta daga wajenmu ta zo, shi ya sa takan gaishe ni da sannu da aiki, da wata irin tsohuwar Hausa ta tsofaffi. Bayan gaisuwa ba mu taɓa wata magana ba, kuma haka ya kamata. Baƙo a Sabha ba ya jan matar 'yan ƙasa da hira. Mijinta na zaune a mota a ƙofar shago, kuma an karya wa mutane haƙarƙari a kan abin da bai kai wannan ba.

Ina da kwafin takardar da na littafin duka, don Yaya da kansa ya ba ni in buga in lulluɓe masa da roba saboda ruwan teku. Ranar Lahadi da ta shigo, na gama aikinta, na ɗora kwafin a kan takardunta. Na ce mata da Larabcin kasuwa ta yi haƙuri, ran mutum ne a kan wannan takarda. Ta kalle ni, ta kalli ƙofa, ta karanta a tsaye. Ta tambaye ni ko wane ne, na ce yayana ne, kuma Asabar zai tafi teku saboda ita. Mijin ya danna hon sau biyu. Ta kwashe duka ta sa a jaka ta fita. Na wuni ina jiran a zo a ɗauke ni.

Litinin da hantsi ta dawo, wannan karon tare da mijin, ya ja kujera ya zauna yana latsa waya. Ta ba ni filasha ta ce in buga takardu uku da ke ciki. Suna fitowa daga inji na duba su. Farare fat, ba hoto, ba sa hannu, ba hatimi, sai ƙananan baƙaƙe da lissafi jere kamar tururuwa. Na ce a raina ai Yaya ko kallonsu ba zai yi ba.

Kusan rabin awa ta yi tana yi mini bayani, da Larabci a hankali, in na kasa sai ta jefa Hausar kakarta. Ta ce maganar ba wasa ba ce. Akwai malaman gaske da suka lura lissafin da ke bayanin ƙarfin ja, a wasu wurare kamar bakin abin da ake kira baƙin rami a sararin sama, yana ɗaukar siffar lissafin da ke bayanin gudun ruwa. Akwai ma masu cika tanki da ruwa su huda gindinsa, suna nazarin yadda yake juyawa don su kwatanta. Amma kowannensu yana faɗin iyakar inda kwatancin ya tsaya. Ta ce in ina son gane rubutun kirki kada in dubi kwalliyarsa. In duba ƙarshensa in ga ayyukan wa ya ambata, in nemi waɗanda suka zo bayansa suka ambace shi ko suka yi masa gyara, in ga ko marubucin ya taɓa cewa nan kam ban sani ba. Wanda ya ce ya san komai, kuma ba wanda ya riga shi, a bar shi.

Sannan ta buɗe kwafin littafin Yaya, na ga ta yi masa alamu da fensir. "Yayanka ba mahaukaci ba ne," in ji ta. "Hoton da ya gani a kansa, na wani abu mai kwarara zuwa ciki, manyan malamai ma suna amfani da shi wajen bayani. Shi kaɗai ya kai nan, ba littafi ba abokin shawara. Lissafin ne ya tsaya masa inda na lise ya ƙare."

Mujallar kuwa, ta ce ita ma duk mako irin wasiƙarsu na shigo mata. Ba mai duba komai, kuɗin bugawa suke nema, taron ma wataƙila ɗaki ne a wani otal in har akwai shi. Ta nuna injin da haɓa ta ce ko littafin bayanin amfani da wannan na aika musu za su karɓa. Ta shawarce ni in zauna da shi mu biyu, in fara da cewa tunaninsa na da 'yan'uwa a duniya, in ba shi takardun uku ya karanta da kansa, bayan jarrabawar jami'a kuma in kawo shi ofishinta. Na ce jarrabawa sai yaushe? Ta ce mako biyu. Mijin ya miƙe, suka tafi.

Ita misali ta bayar da littafin inji, ni kuwa na ɗauke shi da gaske. Na jawo shi daga ƙarƙashin teburi duk ƙura, na buɗe ɓangaren Ingilishi, na kwafe shafi takwas. Yadda ake cire takarda in ta maƙale, yadda ake canza tawada, abin da za a yi in jar fitila ta kama. Na ɗora masa kai mai cewa ƙarfin jan ƙasa ruwa ne, na ƙirƙiri suna na sa, na aika wa mujallar kafin azahar.

Talata shiru. Kowane ɗalibi ya fita sai na leƙa akwatin saƙo, har na fara zargin kaina da wauta. In suka ƙi fa? In suka rubuto cewa wannan shirme ne, ai na tabbatar wa kaina cewa suna dubawa, kuma Yaya ya yi gaskiya. Laraba aka tashi da harbi wajen wani shataletale, aka rufe hanya, aka ɗauke intanet. Muka wuni a ɗaki mu duka cikin zafi. Yaya na zaune a lungu da allura yana ɗinke aljihun roba a cikin wandonsa, yana maimaita jawabinsa da Ingilishi ƙasa-ƙasa, yana gyara kansa. Na yi wa wani abokin ɗaki tsawa a kan buta, abin da bai kai ya kawo ba, har aka shiga tsakani. Yaya ya ɗago ya ce zuciyar nan taka tun kana yaro, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Alhamis aka buɗe hanya. Intanet ta dawo da hantsi, ba komai. Azahar, ba komai. Wuta ta tafi, mai shago ya kira ya ce in rufe da wuri don gari bai gama kwantawa ba, gobe kuma Juma'a ba buɗewa. Na ce to, ban rufe ba. Na zauna a bakin ƙofa ina addu'ar da ban san ko ta halatta ba, ina roƙon Allah ya sa mutanen nan su zama 'yan damfara. Ana kiran la'asar wuta ta dawo, na kunna, ga saƙo. Na buga shi da launi. Hoton duniya da zobe, sa hannu biyu, hatimi mai ruwan zinariya. Malamansu sun duba sun karɓa, aiki ne da zai buɗe sabuwar ƙofa, suna gayyatata Turai. Suna kawai suka canza.

Ba zan ɓoye ba, dariya na fara yi, ni kaɗai a shago. Sai da na tuna yadda muryarsa ke rawa ranar da ya fassara mini tasa, dariyar ta tsaya. Na tsara komai a hanya. Bayan sallar Juma'a zan kira shi bayan katangar nan, in fara da maganar Duktura, in ba shi takardun uku. Wasiƙar kuwa na ninke ta na sa a aljihun ciki, ba zan fito da ita ba sai in ba yadda zan yi, kuma ko da na fito da ita ba mai gani sai shi.

Abin da ban lissafa ba shi ne abincin sallama. Muna dawowa daga masallaci na tarar 'yan ɗaki sun dafa makaroni da kaji biyu, maƙwabta sun shigo, mun kai mu goma sha biyar. Yaya na tsakiya, sun sa shi ya yi musu bayani. Ya ɗauki kwano ya zuba ruwa, ya jefa tsinke, yana juya ruwan da yatsa yana nuna yadda tsinken ke bin sa. Wallahi ya iya koyarwa. Leburorin da ba su taɓa zama a aji ba sun saki baki suna kallo. Can sai na ji wasu mutum biyu 'yan Maradi, magidanta, suna cewa su ma sun yanke shawara gobe za su bi shi, tunda Malam na da takardar gayyata mai hatimi, in aka sauka sai su ce tare suke.

Na yi masa alama da ido ya fito. Ya gani sarai, amma daɗin taro ya ɗebe shi. Ya ce ai ba wani ɓoye-ɓoye tsakanin 'yan'uwa, ƙanensa ne ya yi kwana takwas yana neman abin da zai ƙaryata shi, to ga wuri ga waina, a kawo a gani. Na ce Yaya mu je waje. Ya ce nan ma waje ne. Ba yadda zan yi, na miƙa masa takardun uku. Ya juya gaba, ya juya baya, ya ɗaga su sama don kowa ya gani.

"Ina sa hannu? Ina hatimi?" ya ce yana murmushi. "Ko kai ka buga su a injinka?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Wani dattijo mai sayar da shayi ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Yaro! Shekarata talatin da ɗaya, kwana takwas ban ci abincin kirki ba, na sa wuyana a gaban mijin mutane saboda shi. Duk abin da Duktura ta faɗa, duk abin da na tsara a hanya, ya bi iska. Na zaro wasiƙar na warware ta, na shimfiɗa a kan tabarma kusa da gwiwarsa, na ce in hatimi yake so ga hatimi, ni ma an gayyace ni Turai, sai a nema mini wuri a motar.

Ya fito da tasa daga roba ya ajiye kusa da tawa. Ya sa yatsa ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan waccan, yana bin su layi-layi, har ƙasa. Mutane suka matso suna leƙe, waɗanda ba su iya karatu ba ma sun ga abin da ke nan, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

"Me ka aika musu?" ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba.

Nan ne ya kamata in ja bakina. Ban ja ba. Na ce littafin injin fotokofi, yadda ake cire takarda in ta maƙale. Wani daga bakin ƙofa ya tuntsire da dariya, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, abin ya fi muni. Ɗaya daga cikin 'yan Maradin ya ce innalillahi, ya dafe kai. Yaya ya tashi, ya wanke hannu ko da yake bai taɓa abincin ba, ya sa takalmi ya fita. Ba wanda ya dube ni. Dattijon mai shayi ne kawai ya ce mini ƙasa-ƙasa, ko gaskiya ce ai akwai inda ake faɗarta.

Asabar mota ta tashi ba da shi ba. Cikin 'yan Maradin ɗaya ya fasa, ɗaya ya tafi. Na aika wa tsohuwa saƙo na ce ta kwantar da hankalinta, ban gaya mata yadda aka yi ba.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara yi a Sabha. Ya je wurin mai ginin nan na Gurda yana ɗaukar bulo don ya haɗa guzurin komawa. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Mutanen ɗaki suka ci gaba da ce masa Malam, amma ba wanda ya sake ce masa ya yi bayanin komai, kuma na ga yana jin hakan. Takardun uku da aka bari a kan tabarma sun ɓace tun ranar. Wata rana na dawo da wuri na hango shi a inuwar katanga, hannuwansa duk siminti, yana bin ta farko da fensir, yana duba kalmomi a waya. Bai wuce shafi na biyu ba. Na so in je in zauna kusa da shi, kunya ta hana ni. Kullum sai in ce gobe zan gaya masa abin da Duktura ta ce, goben ta zo in kasa haɗa ido da shi.

Sai ranar tafiyarsa, a tashar motocin kudu, ana ɗaure jarkoki a jikin mota, na ga in ban faɗa yanzu ba shi ke nan. Na gaya masa duka. Cewa malamar jami'a ta karanta littafinsa shafi-shafi da fensir. Cewa ta ce shi ba mahaukaci ba ne, hoton da ya gani manyan malamai na amfani da shi, kuma shi kaɗai ya kai wurin ba littafi ba abokin shawara. Cewa ta so ta gan shi. Ya saurara, fuskarsa ta ɗan motsa, har na yi zaton an huce.

"Yaushe ta faɗa maka haka?"

"Ranar Litinin."

"Litinin ɗin kafin Juma'ar?"

Na ce e.

"Ashe maganar tana bakinka ranar," ya ce. Direba na kira, ya gyara rawaninsa ya ɗauki jaka. "Ka cece ni, ban musa ba, kuma Allah ya saka maka. Amma kada ka kira ni sai na neme ka."

Shekara uku ke nan. Yana raye, lafiyarsa ƙalau, ya koma koyarwa a wani gari kudu da Damagaram, an haifa masa ɗa na huɗu. Duk wannan a bakin ƙanwarmu nake ji. Bai neme ni ba tukuna.